Zare Bai Tsinke Ba

Madabo, cikin birnin Kano.

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin isa Zariya lafiya, Ya sauke ki a hannu nagari, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abokin zama. Na ba mahaifiyarki wannan takarda ta cusa a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don na san ba za ki kai can ba sai kin huta gajiya. Kada ki yi mamakin tsohon da kuka rabu jiya ya rubuto miki wasiƙa. Na fi shekara talatin ina surutu a gaban allo, amma akwai maganar da in na buɗe baki zan yi miki sai harshena ya yi nauyi. Kin san sunan mahaifiyata na sa miki, shi ya sa ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, kuma mutum ba ya jin daɗin tona asirin kansa a gaban uwarsa.

Yau ni ne mai baki a Madabo. Duk wanda ya gaishe ni a ƙofar masallaci sai ya ji cewa 'yata za ta tafi digiri na biyu a kan nazarin waƙa, kuma malaman can ne da kansu suka ce ta zo. Har mai kayan miya na bakin lungu na tsare na yi masa bayani, yana ta cewa madalla yana neman hanyar gudu. Zagezagi dai sun yi sa'a, za su ga yadda ake karatu a Kano. Amma kafin yabo ya cika miki kunne, ina so ki ji yadda ubanki ya yi da irin wannan ilimi da kika tafi nema, don da shi na kusa binne waƙar da ta kai ki can.

Kakarki Inna ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara shida, ya bar mata mu huɗu a ɗaki ɗaya, kuma da kaɗi ta riƙe mu. In hantsi ya yi ta gama aikin gida, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ajiye taskirar auduga a gefe, ta dangwali alli da yatsa don kada mazari ya zame mata, ta fara jan zare. Hannu na kamawa baki ma sai ya kama. Waƙa ɗaya ce, ita ta ƙaga abarta, tana ƙara mata baiti duk sa'ad da duniya ta zo mata da wani sabon abu. Ni kuwa jinta nake yi kamar kukan tantabarun maƙwabta, ina shiga ina fita. Na san kalmomin akwai yunwa da mutuwa a ciki, sai na ɗauka waƙar hana kai kuka ce.

Da na shiga kwalejin horon malamai aka koya mana awon waƙa. Aka nuna mana yadda ake raba ɗango gaɓa-gaɓa, wannan mai nauyi, wannan marar nauyi, a haɗa su su zama ƙafafu, a ga ko sun hau ɗaya daga karuruwan da muka gada daga Larabawa. Wallahi na so darasin nan. Na haddace karuruwan kamar sunayen 'yan gidanmu, har in mai talla ta wuce tana kiran kayanta sai in kama ƙirga da yatsu. Aka ce kowa ya kawo waƙa daga garinsu ya yi nazarinta, na ce ni ai a ɗakinmu ma akwai. Na dawo hutu da sabon littafi da jan biro, ina jin kaina kamar alƙali ya zo rangadi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Ummi, kuma ni ya shaƙe ni sosai.

Kuskurena na farko a tabarmar nan na yi shi. Na same ta tana kaɗi, na ce ta ajiye mazarin ta faɗa mini waƙar a hankali, faɗa ba rerawa ba, don rerawa tana hana ni rubutu. Ta dube ni, ta ajiye. Sai ta kama inda-inda, ta faɗi ɗango ta tsaya, ta koma baya, ta ce a'a ba haka ba ne. Matar da take jero baiti ashirin ba tuntuɓe, ga ta ta kasa haɗa uku. Ni kuma a raina na ce ka gani, dama waƙar ba ta zauna ba. Ga abin da na fara rubutawa:

Katanga ta faɗi da marka,
Ruwa ya kwana a ɗakina,
Juya mazari, zare bai tsinke ba.

Kowane baiti da wannan ɗango na uku yake ƙarewa. Na rubuta shi sau ɗaya, na rubuta sau biyu, a na uku na gaji. Na ce wannan ai ba waƙa ba ce, maganar mai aiki ce da kayan aikinta, kamar yadda mai jaki yake yi wa jakinsa tsawa. Na ja masa jan layi. Da na cire shi sai baitocin suka koma ɗango biyu-biyu, tsaf, irin zubin da muke gani a littattafai, na ji daɗi ƙwarai.

To ki riƙe wannan. Kada ki taɓa karɓar waƙa daga bakin mutum ta hanyar da ta fi miki sauƙi. In a tsaye yake yinta, ki tashi tsaye. In sai da turmi take fita, ki nemo turmi. Littafinki shi zai bi waƙar, ba ita za ta bi shi ba. Kuma abin da mai waƙa ya yi ta maimaitawa har ya gundure ki, ki tsaya a kansa, don mutum ba ya komawa wuri sau ashirin sai in ya yi ajiya a can.

Na biyu shi ne awon. Na koma makaranta na baje takarda, na ƙirga, sai na tarar ɗango na biyu a kowane baiti ya gaza, kullum akwai giɓi a ƙarshensa. Mai hankali da ya tambayi kansa yadda aka yi kuskure yake faɗawa wuri ɗaya sau ashirin. Ni ban tambaya ba. Na ce tsohuwa ce ba ta san ƙa'ida ba, na ɗauko su “haƙiƙa” da “lallai” da “kuwa” na yi ta cusawa a giɓin kamar mai toshe ramin ɓera. Inda kalmarta ta ƙi hawa kari na cire na sa tawa. Na kwana biyu a kai, na fito da waƙa wadda in ka auna ta daga farko har ƙarshe ba za ka sami gaɓa ɗaya da ta kauce ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, amma a lokacin gani nake na yi wa Inna gata.

Ba cewa nake ki raina ma'auni ba, kada ki fahimce ni a baibai. Ki koye shi har ya zama ko cikin barci aka tashe ki za ki raba ɗango. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne, in waƙa ta ƙi hawa ma'auninki, ki fara tuhumar kunnenki kafin ki tuhumi mai waƙar. Ki yi alama da fensir, ki bar jan biro a jaka. Ɗalibaina har laƙabin Malam Jan Biro suka sa mini, suna tsammani ban sani ba, kuma ina jin daɗin sunan, abin kunya.

Na uku ya fi su ciwo. Da amshin ya fita, me ya rage? Katanga ta faɗi. Maigida ya tafi ya bar huɗu a tabarma. Yunwa ta kwana uku a gida. Zazzaɓi ya kama auta. Na karanta na ce wannan makoki ne zalla, na rubuta shafi huɗu a kan baƙin cikin mace marar gata. Na sa mata murya mai ja, irin ta wa'azin tuna mutuwa, na rera a gaban aji. Wasu suka sunkuyar da kai, malaminmu ya ba ni maki mafi yawa. Da hutu ya zo na sa rigata ta saƙi, wadda Inna ta kaɗa zarenta da hannunta ta kai masaƙa lokacin da zan tafi kwaleji, na zauna a gabanta na rera mata daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce:

“Allah Ya jiƙan matar nan. Wace ce?”

Na ce, “Inna, ai taki ce. Ta karye ne na gyara miki.”

Ta ce, “To, madalla.”

Ta ɗauki taskirarta ta shiga ɗaki. Daga ranar ban ƙara jin waƙar a gidanmu ba. Takan yi kaɗinta shiru in ina nan, da yamma kuma ta yafa mayafi ta ce ta tafi Zaitawa wurin ƙawarta. Bayan 'yan shekaru Allah Ya karɓi abarsa. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, don ina ganin a ilimance ni ne da gaskiya, ita ce dai ba ta gane ba. Amma duk sa'ad da na tuna shirun nan sai zuciyata ta yi nauyi. Na san ni na rufe mata baki, kuma da wannan nauyin na yi aure, na haife ku, na yi furfura. Duk da haka girman kai bai bar ni ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai wadda na gyara a matsayin misalin waƙar baƙin ciki, suna haddacewa suna cin jarrabawa. Ta ƙaryar tana yaɗuwa, ta gaskiyar tana mutuwa.

Saboda haka ki kiyayi yanke wa waƙa hukunci daga kalmominta kaɗai. Mutum yakan lissafa wahalarsa don a tausaya masa, yakan kuma lissafa ta don a san irin abin da ya kayar. Kalmomin ɗaya ne, murya ce take rabawa. Haka mutane ma suke. Za ki haɗu da waɗanda za su ba ki labarin rayuwarsu, kada ki yi saurin cewa “wayyo” sai kin duba ko kirari suke yi.

Sauran labarin kin san shi, amma bari in faɗa miki yadda na gan shi daga inda nake zaune. Ranar da kika zo neman abin da za ki rubuta a kundin kammala digirinki, sai kika buɗe tsohuwar adakata kika ciro littafin nan. Kika ce in rera miki yadda Inna take yi. Na buɗe baki, sai tawa ce take fitowa, na rera ta ya fi sau ɗari har ta danne ta asalin. Kika bar gyarana gefe, kika bi abin da ke ƙarƙashin jan layi, kika auna da irin ma'aunin da ni ma na yi amfani da shi. Bayan kwana biyu kika zo kika ce giɓin nan tsawonsa ɗaya ne a kowane baiti, dole akwai abin da yake zama a wurin. Na ce miki rashin sani ne yake zama a wurin. Kika yi murmushi irin na Inna, kika tambaye ni ko akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka yi kaɗi da ita. Ki lura, da ba ki iya awo ba da ba ki ga giɓin ba. Ma'auninmu ɗaya ne, ni na yi sara da shi, ke kika yi tambaya.

Sau uku kina zuwa Zaitawa wurin Gwaggo Tasalla, ƙawar Inna, wadda yanzu ko ganin kirki ba ta yi. Sau uku tana cewa ta manta, ita da rabonta da waƙa tun kafin a haife ki. Ni har na fara jin sanyi a raina, Allah Ya yafe mini, don in ta manta babu mai ƙaryata ni. A na huɗu kika zaga kasuwa lungu-lungu sai da kika samo mazari da alli da 'yar auduga, kika ajiye mata a cinya. Kin ce ta shafa, ta yi tsaki ta ce audugar zamani ba ta da kirki, ta dangwali alli, ta murza. Zare ya fara fita, sai ga waƙa ta biyo shi.

Da kika kunna mini a wayarki a zaure, ban kai baiti na biyu ba na gane abin da na yi. Giɓin da na toshe da “haƙiƙa”, nan ne mai kaɗi take murza mazari, murya ta ɗauke, gurnanin mazarin ya cike gurbin. Ashe gaɓar tana nan, a hannu take ba a baki ba, kuma ni na ce a ajiye hannun. Muryar kuwa da sauri take tafiya, da ƙarfi, kamar ta mai shela. Kowace masifa a ambace ta, a murza mazari a kanta, sannan a ce zare bai tsinke ba. Inna ba kuka take yi ba, ƙirga waɗanda ta kayar take yi. Na zauna ina jin uwata tana yi wa duniya dariya da bakin ƙawarta, hawaye yana zubo mini, amma na farin ciki ya fi yawa.

Kin tafi gaban malamanki da mazari a jaka, kin ce da farko dariya suka yi, daga baya babban cikinsu ya ce a sake kunnawa. Kin fito da sakamakon da ya fi na kowa. Ranar walimarki ina zaure da baƙi na ji matan gidan nan, tsofaffi da 'yan mata, sun ɗauki amshin gaba ɗaya a tsakar gida har da tafi. Wani aminina ya tambaye ni wace waƙa ce wannan, na ce ta mahaifiyata ce, kuma rabon da in faɗi magana da alfahari irin haka na manta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ne dai na yi rarrafen a tsakani, jika ta tashi da gudu.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Kin tuna Gwaggo Tasalla ta ce ki turo mata ubanki? Na yi ta jan ƙafa, sai makon jiya na je. Na same ta a ƙofar ɗakinta da mazarin da kika ba ta, ta ce tun da kika kawo shi ba ta ajiye ba, jikokinta har sun gaji da tsintar auduga a tuwo. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo ne in faɗa mata abin da ban faɗa wa Inna ba, cewa ni na hana ta waƙa har ta koma ga Allah. Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari.

Ta ce, “Kai ɗan nan, kai wa? Mutuwar ubanka ba ta hana ta ba, sai kai? A gida ta daina don kada ta ba ka kunya, kana ganin kanka malami. Nan take zuwa kullum mu yi abarmu. Akwai baiti ɗaya da na ɓoye wa yarinyar, don ba a zagin uba a gaban 'yarsa. Matso.”

Ta murza mazari, ta rera:

Ɗana ya zo da jan biro,
Ya ce waƙata ta karye,
Rigar wuyansa ni na kaɗa ta,
Juya mazari, zare bai tsinke ba.

Ta ce duk ranar da Inna ta kai wannan baiti sai sun yi dariya har aiki ya tsaya, kuma shi ta fi so, don a cewarta cikin duk abin da ya auka mata wannan ne kaɗai ita ta haife shi, ta yi masa sutura, ta tura shi makaranta. Ummi, shekara nawa ina ɗauke da laifin kashe waƙar, ashe ban isa ba. Ta sa ni a layi ne kawai, bayan katanga da yunwa da zazzaɓi, ta murza mazari a kaina ta wuce. Na fito daga gidan nan ina dariya ni kaɗai a lungu, na ƙi hawa adaidaita, na tako da ƙafa har Madabo, jikina sakayau kamar an sauke mini buhu.

To ga wasiyyata. Ki sa baitin nan a aikinki na gaba, ki rubuta a ƙasa cewa ɗan da ake nufi mahaifinki ne, malamin Hausa, mai ritaya. Kada ki rufa mini asiri, Inna ma ba ta rufa ba. In kin dawo hutun farko ki fara sauka Zaitawa ki ɗauke shi daga bakin Gwaggo da mazarinta a hannu, don abin da na rubuta miki a nan rabi ne, kuma tsufa ba ya jiran hutu. Ni ma na koma wurin tsofaffin ɗalibaina da nake iya samu, ina gaya musu su goge abin da na koya musu.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci, kada ki ce karatu ya hana ki, na san halinki. Ki girmama malamanki, amma in ɗayansu ya ce waƙar wata tsohuwa ta karye, ki tambaye shi cikin ladabi me ke hannunta lokacin da take yi. Ki kira mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa miki ƙirji, Ya kare ki a tafiya da zama, Ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa aljanna ce makomarta.

Na san za ki ƙirga baitin nan tun kafin ki ninke takardar, jini ba ya ƙarya. Ni ma na ƙirga. Ɗango huɗu ne maimakon uku, ya fi 'yan uwansa tsawo, bai hau kowane kari da na sani ba. Na ɗauki biro, na dube shi, na mayar aljihu. Ki bar shi yadda ta bar shi.

Wassalam.

Mahaifinki kuma ɗanki,
Malam Jan Biro.